Da Hannun Hagu

Daren Juma'a, kan rufin gidan su Tasi'u a Karantina,
inda iskar Bahar Maliya ke iso mu da gishiri da warin man jirgi,
mu uku muke baje tabarma, mu buɗe shari'a
kan labarin da mai shi ya rubuta juzu'i biyar ya tsaya.
Shekara tara, na shida shiru, kamar an aiki bawa garinsu.

Haladu ne mai bin ƙwaƙƙwafi.
Ya ce, ku koma na ɗaya, wurin mai tufkar igiya,
wanda ya miƙa wa yarima ruwa a ƙofar birnin tagulla.
Da wane hannu? Hagu.
Mai fito a na uku, hagu.
Ungozomar da ta karɓi haihuwar makauniyar gimbiya, hagu.
Ƙungiya ce, in ji shi, 'Yan Kifaffiyar Fitila,
su suka naɗa sarki, su za su tuɓe shi,
ba sa gaisawa a kasuwa, ba sa zuwa jana'izar juna.

Tasi'u ya kurɓi shayi ya ce, to bahago ya shiga uku.
Kawuna bahago ne,
kaji yake figewa a Bab Makka tun ina goye,
ban taɓa jin ya tuɓe ko mai unguwa ba.

Ni nawa hasashen ɗan ƙarami ne:
rijiyar da aka ce ta ƙafe tun zamanin dodanni,
me ya jiƙa gugarta?
Na ja wa layin nan biro har takardar ta huje.

Haka muke, sai ladanin masallacin ƙasa ya yi gyaran murya.
Mun ƙirga hankakin da ke kan tuta,
mun auna tarin waziri, mun ce guba ce,
mun kama marubuci da hannu dumu-dumu sau ashirin,
ko sau ɗaya bai san muna yi ba.

A watan Rajab Haladu ya ba Tasi'u fankarsa,
ya ce ƙararta ta dame shi.
Ya biya mai tamis da wake bashin wata huɗu.
Ya tambaye ni, a wasa, nawa ake sai da akwati a Balad.
Ya daina cewa in na shida ya fito,
ya koma cewa in ya fito muku.
Mu da ke jin motsin allura a birnin da babu shi,
ba mu ji takardar zamansa tana ƙarewa a aljihun rigarsa ba.

Ranar Talata ɗakin a kulle.
Mai gadi ya ce tun asuba, jirgin Kano.

Yanzu na biyar yana hannuna, wanda ya ce in riƙe masa.
Gefen kowane shafi cike da rubutunsa,
ƙanana kamar jerin tururuwa,
rabi Larabci, rabi namu:
duba nan, wannan ƙarya yake, tuna igiyar.
Na bi su har bango ina neman layi ɗaya da ya shafe mu.
Babu. Rasit ɗin wanki kawai na tarar, riyal shida.

Jiya na ce wa Tasi'u, ka tuna daren da ya miƙo mini littafin?
Da hagu ya miƙo.
Tasi'u ya daɗe yana kallon fitilun tashar jiragen ruwa,
sannan ya ce, kofin shayi ne a damansa, malam.

Na sani.
Ina wurin.
Amma na rubuta a gefen shafi na ɗari biyu da sha ɗaya,
ƙarƙashin nasa, da jan biro,
ko da na shida zai fito.