Har Yaushe?

A Valdivia ruwan sama ba baƙo ba ne,
ɗan gida ne, ba ya sallama.
Daren Talata yana ta dukan kwanon rufi,
ni kuwa ina gaban tsohuwar kwamfutar
da Baltasar ya bar mini
ranar da ya tafi arewa haƙar tagulla.

Ba wani babban abu nake nema ba.
Kalanda. 'Yar ƙarama.
Wadda za ta raɓe a kusurwar allo
kamar kyanwar Herminia a gindin murhu,
ba a jin bakinta sai an taka mata wutsiya.

Ta farko da na sauke ta nemi sunana,
da ranar haihuwata, da mabuɗin asusuna na banki.
Ko surukata ba ta yi mini wannan titsiyen ba.
Ta biyu ta zana rayuwata a da'ira,
ta yanka ta kamar kankana,
ta shafa ja a kan burodi da shayi,
wai hannuna ya cika sake.
Ta uku tafi take yi mini in na biya kuɗin wuta,
har da taurari suna zubowa.
Shekarata hamsin da takwas.
Ba tafi nake so ba,
so nake kada a yanke wutar.
Ta huɗu kyauta ce, na wata guda,
daga nan ita ma ta shiga layin masu bina bashi.
An ba kura ajiyar nama ke nan.

Sai can ƙasa, inda ba mai leƙawa,
na tarar da wata manhaja mai ruwan toka.
Wani ya ƙera ta shekara goma sha biyar baya,
ya kama gabansa, ko hotonsa bai bari ba.
Ba ta gaishe ni ba.
Na ji daɗin haka.

Na jawo gwangwanin biskit mai cike da rasit.
Biyar ga wata, haya, ga Eleuterio mai tari.
Tara ga wata, kuɗin ruwa,
a garin da ruwa ke shigo maka ta rufi kyauta.
Sha huɗu, wuta.
Itace daga Afrilu zuwa Satumba,
busasshe, in mai motar bai yi ƙarya ba.

Kowanne na rubuta, tambayarta biyu ce kacal:
A maimaita? Duk wata.
Har yaushe?

Haya, babu ƙarshe.
Ruwa, babu ƙarshe.
Bashin firiji kuwa, Nuwamba mai zuwa.
Na buga ranar a hankali, da yatsa ɗaya,
kamar mai lasar zuma a bakin cokali.

Sai ashirin ga wata.
Maganin zuciyar Mama, peso dubu talatin da ɗaya.
A maimaita? Duk wata.
Har yaushe?

Ɗan sandan nan na kan allo yana ta ƙiftawa.
Ta bayan katako ina jin minsharinta,
yana hawa, yana tsayawa,
ina riƙe numfashi har ya dawo.
Tamanin da tara. Likita ya faɗi abin da ya faɗa
yana kallon takalminsa.

Na tashi na ƙara itace a murhu,
ko da yake bai nema ba.
Na dawo, na danna: babu ƙarshe.

Ba ta yi gardama ba.
Ba ta ce in sake tunani ba.
Ta dai cika ashirin, ashirin, ashirin,
na bi ta wata bayan wata
har shekarar da ni kaina ba zan gani ba,
maganin yana nan, ana saya.

Da asuba na ɗaura gyalen roba zan tafi kasuwar kifi.
A kusurwar allo, ɗigo ɗaya, ƙarami kamar ƙwayar barkono:
gobe ruwa.
Na leƙa taga. Na ce, na sani.