Yatsu Uku a Gadarif

Injin matse riɗi bai san sunana ba.
Ranar Talata, bayan azahar,
ya karɓi yatsu uku a hannuna na dama,
bai ko tsaya ba, mai ya ci gaba da zuba.

Maigida Attayib ya zo asibiti da lemo a leda,
ya cusa kuɗi ƙarƙashin matashina,
ya ce, "Ƙaddara ce, Yahuza."
Na yarda ƙaddara ce.
To murfin injin da ya ɓalle tun kaka,
shi ma ƙaddara ce ta hana a ɗaura?

Ƙanwata Rakiya ta ja ni
hawa na biyu, bayan kasuwar hatsi,
wurin wata lauya, Ustaza Ihlas.
Fanka ɗaya, takardu har rufi.
Ba ta yi mini sannu sau biyu ba.
"Ina takardar likita? Su wa suka gani?
Ka sa hannu a wani abu?"
Na ɗaga mata hannun.
Muka yi dariya, ni da ita,
Rakiya ta juya tana share ido.

Shaidu biyu sun janye.
Suna da bakunan ciyarwa, ban zarge su ba.
Tsoho Bukar kaɗai ya tsaya.
Zama huɗu ana ɗagawa,
lauya ba ta gaji da hawa matakalar kotu ba.

Ashe yatsa ma da farashinsa a takarda:
manuniya kaza, ɗan tsakiya kaza.

Ranar karɓar diyya
da babban yatsan hagu na dangwala.
Shi ma yanzu yake koyon aiki:
maɓallin riga, igiyar wando,
ƙirgen tasbihi.