Saniyar da Ba Ta Dariya

Kafin ladanin Mai Wurno ya gama kiran assalatu
na ɗaura wa injin bel,
na yi bisimilla, na murɗa.
Sai ya yi tari sau uku, kamar tsohon da ya kwana a raɓa,
sannan ya yarda ya kama.
Tun hannun babana yake wannan tarin,
shi da kogin nan ba wanda ya taɓa neman hutu.

Abin da nake haɗawa ba asiri ba ne:
dusar dawa mudu bakwai,
tunkuzar riɗi daga matsar Hajo,
gurya in an kawo daga Jazira,
ɗan gishiri, ɗan kanwa,
sai hannu.
Hannun ne ba ya rubutuwa a jikin buhu.

Bara motar ta fara zuwa,
doguwa, tayoyinta sun fi awakin gidanmu yawa,
ɗauke da fararen buhuna masu hoton saniya tana dariya.
Shekarata arba'in cikin shanu,
ban ga wadda ta yi dariya ba.
Amma buhunsu ya fi nawa sauƙi
da kuɗin sukari da ganyen shayi na kwana biyu,
kuma kwana biyu ba wasa ba ne a gidan mai 'ya'ya tara.

Nurain mai raguna sittin ya daina bi ta ƙofata.
Sai ya zaga ta bayan makarantar allo,
jakinsa na waiwayen rumfata, shi ba ya waiwaye.
Ban riƙe shi ba.

Da dare nakan baje lissafi a kan tabarma.
Su da kaka suke sayen dawa,
tana zube a kasuwar Sinja ba mai tayawa,
su kulle ta a sito.
Ni sai bazara nake saye, mudu mudu,
lokacin da ta san darajar kanta.
Ga man gas yana hawa kamar ɗan biri a giginya.

Sai damina ta sauka.
Baƙar laka ta haɗiye hanya tun daga kwanar gada,
motar ta tsaya can, saniyarta na dariya cikin ruwa.
Mako uku.
Daren Laraba na ji sallama ƙasa ƙasa,
Nurain ne, rawaninsa ya jiƙe, aljihunsa a bushe.
Ya ce, Barmo, tunkiyar nan mai tabo a goshi ta daina tuƙa.
Na san ta. Ni na ciyar da uwarta.
Na rage gurya, na ƙara dusa, na ɗora masa buhu huɗu.
Kuɗi fa?
Sai Layya, in ji ni, in ragunan sun ga kasuwa.
Ban rubuta ba. Wa zai rubuta maƙwabci?

Kada ku ce na ci nasara.
Ƙasa ta bushe, motar ta dawo,
Nurain ya biya ni har da ƙarin kan rago,
ya koma sayen uku a can, ɗaya a nan.

Ɗayan nan nake riƙe da shi.
Bana ni da Hajo da Ɗantani na ƙetaren kogi
mun haɗa kuɗi a gwangwani ɗaya,
mun kama ɗaki, mun zuba dawar kaka.
Ɗakin na yoyo ta kusurwar gabas, muna gardamar wa zai liƙe.

Jiya Ladidi, autata, ta zo da alli da kwali,
wai mu ma mu yi wa buhunmu hoto.
Na ce zana saniya.
Ta ce, tana dariya, Baba?
Na ce a'a.
Zana ta kwance a inuwa, ido a lumshe,
bakinta cike, tana tuƙa.