Mabuɗi Daga Waje

Ranar Laraba ta faɗi.
Ba tari, ba zazzaɓi,
allonta ya yi shuɗi kamar zanen da ya kwana a marina,
ya rubuto abin da ban gane ba,
ya ɗauke.
A cikinta akwai buhu dubu da ɗari huɗu na albasar Meskin,
sunan kowa da abin da yake bi,
jibi kuma ranar biya.

Na naɗe ta a zane, na hau babur zuwa Domayo.
Sanda mai gyara ya kara kunne a jikinta
kamar mai zaɓen kankana.
Ya ce rumbu lafiya lau, hatsi na nan,
ƙofa ce ta cije.
Kawo filas mai giga takwas,
mu sassaƙa mabuɗi daga waje.
Sai dai ki sani, za a wanke shi tas,
ko ɓurɓushi ba zai saura ba.

Filas ɗaya gare ni,
yana kwana a gwangwanin allura.
Inna ce a ciki, minti goma sha ɗaya,
tana koya mini miyar yakuwa,
ta katse zance ta zagi akuya,
ta dawo da dariya ta manta inda ta tsaya.
Damina uku ke nan da muka raka ta.

Sanda bai ce komai ba.
Ya juye ta a na'urarsa,
muka aika wa Hamman a Kusiri.
Na tsura wa waya ido
har alama ɗaya ta zama biyu,
kamar wadda ta sa tsohuwa a mota
take jiran a ce ta sauka.

Sannan muka fara jawo maganin daga sama.
Kashi ashirin. Kashi arba'in.
A sittin da uku wuta ta tafi.

Muka fito gindin darbejiya.
Can ƙasan gada Mayo Kaliyawo ya bushe ƙayau,
yara na tonon yashi da ƙoƙo,
ruwa na tsattsafowa a hankali.
Na ce a raina, ashe kogi ma ɓuya yake yi.

Bayan isha'i ta dawo, muka koma farko.
Na'ura ta tambaye ni: kin tabbata?
Ta sake tambaya.
Ko alƙali bai taɓa yi mini haka ba.
Na danna.
Koren layi ya kama tafiyar hawainiya,
sauro na karɓar harajinsa a idon sawuna.

Ƙarfe ɗaya saura muka soka mabuɗi.
Sanda na bugun maɓalli ɗaya, ƙwas, ƙwas, ƙwas,
kamar baƙon dare a ƙofar zaure.
Aka amsa.
Hanya biyu ta bayyana,
na miƙa yatsa, ya tare ni da biro:
wannan gyara, wancan sharewa,
tsakaninsu bai kai faɗin farce ba.

Ta yi nishi, ta mutu, ta tashi,
ta sake mutuwa,
na karanta duk abin da ya zo bakina.
Sai ga haske.
Bappa Njidda, buhu arba'in.
Dudu matar Kawu, sha bakwai da rabi.
Har wanda nake zargin ya yi mini ƙari
yana nan daram, da gaskiyarsa.

Juma'a kowa ya ƙirga sefarsa ya tafi,
ba wanda ya san inda na kwana.
Filas yanzu yana rataye a ƙusa da jan zare,
na rubuta masa: kar a taɓa.

Daren jiya Hamman ya maido mini Inna.
Na ɗora tukunya, na kunna ta.
Daidai wurin gishiri
akuyar ta sake shigowa.