Kwana Na Huɗu a Gudauri

Kwana na huɗu ke nan ƙarfen shinge yana kwance,
ja da fari, kamar yatsan da ke cewa kul.
Ƙananan motoci su wuce, in suna da sarƙa a taya.
Mu masu tirela mu koma gefe mu yi haƙuri,
sai ka ce haƙuri ake zuba wa tanki.

Ni ne na ɗari da sha bakwai a layi,
na ƙirga da ƙafa jiya, don kada jinina ya daskare.
A bayana furen wardi ne, kwali dubu da ɗari biyu,
an yanko su Litinin a bayan garin Yerevan,
ana jiransu a Rasha, wurin mazan da suka yi wa matansu laifi.
Firjin da aka ƙera don ya sanyaya,
yau shi nake roƙo ya ɗumama su.
Yana shan mai dare da rana,
allurar tanki tana ta sunkuyar da kai.

Mai kaya ya bugo sau tara.
"Musheg, kowa da farashinsa, nemo nasa."
Ina jin cokali yana kaɗawa a kofinsa.

Sai na je.
Sunan ɗan sandan Badri, an rubuta a ƙirjinsa.
Gashin bakinsa fari fat, ba don tsufa ba.
Na miƙa takarduna, da wata a tsakiya
mai hoton wani mamaci.
Ya buɗe, ya rufe, ya mayar mini
kamar wanda ya yi tsintuwa ya san mai ita.
"Ka ga dutsen can? Shi za ka ba.
In ya karɓa, dawo in ɗage maka."

Na zage shi da harshen kakata.
Ya rama da nasa. Mun fahimci juna sarai.

Rasim, Baturke mai ɗauke da tayil, shi ke bina a layi.
Ya kunna risho a gindin motarsa:
baƙin shayi, burodi mai taurin diddigen takalmi,
da cukun da Siranush ta ce zai kai ni kwana uku.
Ba ta yi lissafi da baƙo ba.
Ya ce kayansa ba ya ruɓewa,
amma 'yarsa ce za ta haihu cikin makon nan.
Taya yake kallo da ya faɗa.

Wajen ƙarfe biyun dare muka ji.
Ba tsawa ba. Kamar ƙato ya juya a kan gado.
Gilashi ya yi rawa, karnuka suka yi tsit.
Da safe aka ce hanyar Kobi ta shige ƙarƙashin fari,
tsayin bene hawa biyu.
Ba wanda ya tambayi inda zan kasance a lokacin
da mamacina ya yi aiki.
Ni ma ban tambaya ba.
Ba na son gaskiya ta fito daga bakin mai kayan sarki.

Da tsakar rana allura ta taɓa ja.
Na buɗe ƙofar baya, na zaro kwali guda.
Bakin ganyen ya soma baƙi, kamar takardar da ta kusanci wuta.
Rasim ya soka uku a bayan madubi.
Wani mai ɗauke da giya ya maƙala ɗaya a kunne,
muka yi dariya har tari ya sarƙe mu.
Ragowar na kai shinge.

"Wannan ma toshiya ce?"
Na ce, "Sun mutu, wa ke toshiya da matattu?"
Ya ce, "Jiya ma ai mamaci ka kawo mini."
Ya karɓa, ya rasa inda zai ajiye,
ya tsaya riƙe da su kamar mai zuwa dubiya.
Can ya ce motar mai za ta hauro da yamma,
lita arba'in kowa, ba ƙari.
Ƙarfen dai bai ɗaga ba.

Ga ni zaune, safa biyu a kowace ƙafa.
Dusar ta dawo, a hankali,
ita ba wanda ke jiranta a Rasha.
Waya tana haske a kan kujera.
Na goma ke nan.