Ɓargo

Shekara talatin da ɗaya Solveig Rundqvist na fasa ƙashin ɓera
a hawa na uku, a Lund, inda rana ke rowa rabin shekara.
Ƙashin cinya, siriri kamar tsinken ashana.
Ta zura allura, ta wanko abin da ke ciki,
ɗigon ja a gindin kwalba.
Nan uwayen jini suke kwance,
ɗaya cikin dubbai, ba sa son hayaniya,
sai jiki ya yi kira su farka su haihu.

Tambayarta guda ce tun kafin furfura:
me ke gajiyar da su?

Ta dasa ɓargon tsoho a jikin ɗan ɓera,
ta jira wata huɗu.
Jinin ya fito da tsufansa, ko gezau.
Ta juya, na yaro a jikin tsoho.
Ya yi ɗan rawar kai, sannan ya koyi halin gidan.

Shekara shida ta bi sawun wani sinadari
har ta gano ba shi da laifi.
Ta rubuta hakan a shafi tara.
Ba a yi mata tafi ba.
Wani dare injin sanyi ya mutu ba sallama,
da safe ta tsaya kan aikin hunturu uku
ya zama ruwa a ƙasan ɗaki,
ta nemo tsumma.

Ranar Lahadi takan hau jirgin ƙasa zuwa Eslöv.
Mahaifiyarta, fata kamar takardar albasa,
takan ce, "Kin samo maganin?"
"Tukuna."
"To, ki yi sauri."
Su yi dariya, su raba biredin kirfa.
Yanzu kujerar ta koma hannun wata.

Makon ajiye aiki, ta naɗe hannun riga.
Tindra, ɗalibarta, ta laluba jijiya.
Da sakamako ya fito yarinyar ta yi shiru.
Garin da dā ke da zuriya dubu-dubu
ya koma 'yan gidaje,
gida ɗaya, mai tabo, ya fara cinye unguwa.
Ta san wannan hoton. Ta gan shi a ɓeraye ɗari bakwai.

Ta gyara tabarau, ta daɗe tana kallo.
"Kyakkyawan samfur," ta ce. "Miƙo alƙalami."
Ta sa wa kwalbar lamba, ba suna,
ta jera ta cikin sanyi kusa da sauran.

A waje ƙanƙara ta rufe sirdin kekenta.
Ta share da tafin hannu,
hannun ya yi ja.