Ƙirgen Ƙarfe Biyun Dare

Aikina ƙirga ne.
A ofishinmu da ke bayan gadar Kawo
an ba ni kujera, da kwamfuta, da kalma guda:
galahanga.
Aka ce, Malam Tukur, duba mana
sau nawa mutanen garin nan suka nemi kalmar a intanet,
mu san ko abin ya dame su.

Na duba.
Layi ne shuɗi, kwance kamar kogin Kaduna da rani.
Sai farkon Afrilu yake zabura,
ranar da ake raba riguna, a yi jawabi a otal,
bayan kwana uku ya koma ya kwanta.
Oga ya leƙo ta kafaɗata, ya ce, ka gani ko?
Rubuta cewa jama'a ba su damu ba.

Na ce masa sai gobe.

Don na san mai jin tsoro
ba ya zuwa da sunan abin da ke tsorata shi.
Wa ya gaya wa matar Rigasa sunan?
Da babban yatsa take lalube cikin duhu,
an ɗauke wuta, datar ɗari biyu tana ƙarewa:

me yasa yarona baya magana shekara uku
yana ji amma baya juyowa in an kira shi
maganin yaro mai toshe kunne
ko aljanu ne

Ba aya, ba alamar tambaya.
Wanda ruwa ya ci ba ya tsayawa gyaran wasali.

Na tara waɗannan daban.
Layinsu ba ruwansa da Afrilu.
Ƙarfe biyun dare yake tashi,
bayan janareton maƙwabta ya yi shiru,
daga Kabala, daga Tudun Wada, daga Barnawa,
kowa shi kaɗai, fuskarsa shuɗiya da hasken waya,
ba wanda ya san na bayan katanga ma bai runtsa ba.

Ɗigo ɗaya a cikin layin nan nawa ne.
Ƙarya nake, ya fi ɗaya.

Munzali shekararsa biyar.
Bai taɓa ce mini Baba ba,
amma ya san ƙarar babur ɗina tun daga kwanar masallaci.
Murafun kwalba yake jerawa
daga bakin ƙofa zuwa gindin randa,
ja da ja, kore da kore.
Ka zare guda yana barci, da safe zai sani.
Shi ma aikinsa ƙirga ne,
kuma ya fi ni gaskiya.

To ina zan sa kakarsa a jadawali?
Ita ba ta latsa komai ba.
Mayafi ta ɗauka, ta hau keke zuwa Kasuwar Barci,
ta dawo da ƙullin hayaƙi.
Ina zan sa Ladidi,
da ta daina kai shi gidan suna
tun ranar da wata ta janye ɗanta daga kusa da shi?
Shirun da ta yi a hanyar dawowa
nema ne shi ma,
injin dai bai ji ba.

Washegari Oga ya ce, ina rahoto?
Na miƙa masa layi biyu,
na rana da na dare.
Ya juya takardar, ya gyara tabarau,
ya daɗe a kan na biyun.
Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba,
jikata ma, ta wajen Asabe...
Bai ƙarasa ba.

Da yamma na tsaya wurin mai lemo,
na roƙi murafu, ya cika mini aljihu.
Munzali bai kalle ni ba.
Ya buɗe tafin hannuna yatsa bayan yatsa,
ya zaɓi kore,
ya ƙara a layi.